Hayaƙin Jikan Dezza

Shekara talatin da ɗaya ina maƙwabtaka da Desmond Purtell, shingen waya kawai ya raba gonakinmu, kuma ban taɓa jin kalmar "ban sani ba" ta fito daga bakinsa ba. Ko da wasa! Ka tambaye shi yaushe za a yi ruwa, ya ba ka rana da sa'a. Ka ce tunkiyarka na tari, ya haɗa maka magani, tunkiyar ta mutu, ya ce kai ne ba ka iya ɗura ba. Dezza muke ce masa a Kurrabinda. Ni kuwa Noelene, ni ce shugabar 'yan kwana-kwanan sa kai na garin, don haka duk abin da Dezza ya taɓa, ƙarshenta wayata ce ke yin ƙara.

Inda ya fi cika baki shi ne kan mota. A wajensa, har ma a wajen kowane namiji a garinmu, mota ba ta zama mota ba sai injinta na da silinda takwas, tana ruri ana jin ta daga bayan makabarta. Ƙananan motocin nan marasa but, masu ƙofa a ƙeya, kwandon cefane yake kiransu. Ya taɓa sa malamar makarantarmu kuka a gidan mai saboda tata.

To sai ga shi wata Talata da hantsi ya shigo gari da tirela, yana ta hon kamar an ɗaura aure. Na leƙa ta taga, na ajiye kofin shayina, na fita ko takalmin kirki ban sa ba.

Kwandon cefane ne a kan tirelar. Sai dai an bubbuɗa mata kafaɗu, an ɗora mata wani faffaɗan fiffike a ƙeya, cikinta ya kusa shafar ƙasa. Koriya shar, da lamba arba'in da bakwai a jikin ƙofa.

Na ce, "Dezza, lafiya? Malamar makaranta ce ta ba ka aro?"

Ya ce, "Noelene, je ki wanke bakinki. Wannan ba a titi aka haife ta ba. A Turai aka ƙera ta musamman don tsere. Turbo gare ta! Kin san turbo?"

"Ban sani ba. Kai ka sani?"

"Ni kike tambaya? Ƙarfin doki ɗari uku da hamsin ne a cikin cikin nan. Wasu 'yan tsere ne a Melbourne suka watse, na yi wuf na ɗauko. Bari kaka ta zo ki gan ni a talabijin ina hawa dutsen Bathurst a babban tsere, yaran nan suna cin ƙurata."

Matarsa Glenys na tsaye a bakin ƙofa da tsumman goge kwano a kafaɗa. Ta ce, "Tambaye shi ina jirgin kamun kifinsa. Tambaye shi ina tsohuwar motarsa." Ashe duka biyun ya sayar.

Kafin a sauko da motar, rabin gari ya taru a bakin shinge. Dezza ya gyara wando, ya ɗaga wa jama'a hannu, ya buɗe ƙofar dama kamar yadda kowane ɗan halas ke shiga mota a ƙasarmu, inda sitiyari yake a dama, ya jefa ɗuwawunsa ciki. Ji kake ƙwal! Babu kujera a wajen. A kan wata jar tukunyar kashe gobara ya sauka. Kujera ɗaya tak ce a motar, ita da sitiyarin suna can hagu, yadda mutanen Turai ke yin nasu.

Ya fito yana ɗingishi, ya ce, "Kayan kashe wuta nake dubawa. Ke da ke shugabar kwana-kwana ai yabo ya kamata ki yi."

Ya zagaya hagu. Nan kuma an gicciya wa ƙofar ƙarafa biyu masu kauri, waɗanda ke kare direba idan mota ta wuntsila. Direban da aka auna aka yi wa kuwa, da gani bai taɓa cin abincin Glenys ba. Ƙafa ta shiga, kai ya shiga, tumbi ya ce ba inda za shi. Dezza ya maƙale, rabi a ciki rabi a waje, rigarsa ta naɗe har hammata.

"Noelene!"

"Na'am, ɗan tsere."

"Ɗan tura ni kaɗan. Haka ake yi, su ma duk tura su ake yi."

Sai da Glenys ta ɗauko man shanu rabin kwano muka shafe masa ciki, ni da mutum biyu muka sa kafaɗa, sannan ya zurma ciki da wata ƙara kamar an cire toshiyar kwalba. Ya kama sitiyari zai gyara zama, sitiyarin ya fito a hannunsa. Gaba ɗaya! Ashe cirewa ake yi kafin a shiga, don mutum ya samu hanya. Da mun sani da man shanun Glenys ya tsira.

Ya mayar da shi, ya fara laluben inda ake sa makulli. Babu. Maɓallai ne kawai jere, sun fi goma. Ya ce, "Kowane jariri ya san ja shi ne na tayarwa." Ya danna ja. Tukunyar da ya zauna a kai ɗazu ta rama. Kumfa ta feso daga ƙasa, daga sama, daga tsakanin ƙafafunsa, cikin motar ya yi fari fat har ba a ganin kowa. Muka ji muryarsa daga can ciki yana cewa, "Tana aiki! Kun gani? Gwadawa na yi!"

Na yi dariya har sai da na riƙe shinge. Amma da yamma Glenys ta shigo kicin ɗina, ta zauna, ta kasa shan shayin da na zuba mata, sai dariyar ta ƙare mini.

Maganar Kirrily ce, 'yarsu tilo. Shekara biyu ke nan rabon yarinyar nan da Kurrabinda. Ranar aurenta Dezza ya rantse shi zai kai ta coci, ya ce ya san wata gajeriyar hanya ta rafi. Mota ta kafe a tsakiyar ruwa. Amarya ta iso coci a bayan motar ɗaukar tumaki, ta makara da awa biyu, rigarta ta yi launin kunu daga gwiwa zuwa ƙasa. Ba ta yi faɗa ba. Ta dai bi mijinta Tevita zuwa Adelaide, tana kiran uwarta kowace Lahadi, uban kuwa sai "ki gaishe shi".

Yanzu tana da ciki wata biyar, kuma Glenys ta yi ta roƙo har Kirrily ta yarda a zo gida a yi bikin hayaƙi. Kun san yadda ake yi: asibiti su rubuta ko namiji ne ko mace, su liƙe a ambulan, ba mai buɗewa sai mai sayar da taya. Shi zai nemo tayoyi masu ba da hayaƙi mai launi, ya shafe su da baƙin fenti. Ranar biki a ɗaura wa mota, direba ya murza su a wuri ɗaya har su ƙone. In shuɗi ya tashi namiji ne, in ruwan hoda mace. Wani ɗan'uwan angon ne zai yi da motarsa, amma Dezza ya ji labari, ya ce shi zai yi.

Glenys ta ce, "Ina tsaye ya kira ta. Na ji da kunnena. Ta ce, 'Baba, dangin Tevita duk za su zo. Na ba ka wannan, amma shi ne na ƙarshe. In ka sake kunyata ni a gabansu, wallahi abin da ke cikin nan a waya kawai zai san kakansa.' Kin san me ya ce mata? Wai ta kwantar da hankalinta, shi aka haifa da sitiyari a hannu."

Na ce, "Wanda ke cirewa?"

Ta yi 'yar dariya, sai hawaye. Tausayinta ya kama ni ƙwarai, har na ji kamar in tsallaka shinge in shaƙe mata shi.

Ranar Alhamis Spiro mai taya ya kawo tayoyi biyu a bayan motarsa, baƙaƙe wuluk, sai warin fenti. Spiro gajeren mutum ne mai yawan murmushi, kuma tun da ambulan ɗin nan ya shiga hannunsa yake yawo a gari yana wani lumshe ido kamar ya haɗiyi zuma.

Ya ce, "Dezza, kawo jak in ɗaura maka, minti goma ne."

"Kai za ka ɗaura wa motata taya? Ina canza taya tun kana tsotson yatsa a tsibirinku."

"A nan ƙasar aka haife ni, a Geelong."

"To koma can. Ajiye su nan."

Spiro ya ajiye, ya ɗaga kafaɗa, ya tafi abinsa. Dezza ya ɗaura su a baya, hagu da dama. Ina tsaye ina kallo, kuma in faɗi gaskiya ban ga laifin komai ba. Ba wanda ya gani a duk Kurrabinda. Mu tun da muka buɗe ido, tayoyin baya ne ke tura mota, su ne ke hayaƙi, na gaba aikinsu juyawa kawai.

Asabar ta zo da rana mai kyau bayan kwana huɗu ana ruwa. Wajen sha ɗaya sai ga motar cocin su Tevita, mutum talatin da ɗoriya, 'yan asalin tsibirin Tonga, tun daga kwanar gidan mai muke jin waƙarsu. Suka sauko cikin fararen kaya tas, kowa da tabarmarsa ta ado ɗaure a ƙugu, suna sauke tukwanen gwaza da gasasshen rago. A gaba Mama Mele ce, uwar angon, mace mai faɗi da kwarjini, da farar hula mai furanni.

Kirrily ta fito daga baya, hannunta a kan cikinta. Cikin ya yi girma fiye da yadda na zata. Ta rungume uwarta, ta rungume ni, ta kalli ubanta da ke sanye da rigar tsere wadda zif ɗinta ya tsaya a cibiya.

Ta ce, "Baba."

Ya ce, "Yau za ki ga aiki, 'yar Baba."

"Abin da nake tsoro ke nan."

Mijinta Tevita ma'aikacin jinya ne, ƙato ne da sai ya sunkuya yake shiga ƙofa, amma muryarsa ba ta fi ta mage ba. Kuma a wajensu ba a katse babba, balle suruki. Ya zagaya motar sau ɗaya, ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashinta, ya taso fuskarsa ta canza.

Ya ce, "Baba, ku gafarce ni, waɗannan tayoyin masu launi, na ga kamar a baya kuka..."

"A baya mana! Da a rufi zan ɗaura?"

"A'a Baba, irin wannan motar ai tayoyin gab..."

"Kai, surukina, allura ka iya ko mota? In na tashi haihuwa zan neme ka. Je ka ɗauko kujeru."

Tevita ya tafi ɗauko kujeru. Ya dawo ya sake buɗe baki, Dezza ya cusa masa tsoka guda ta rago a hannu ya ce ya ci ya ƙara ƙiba. Karo na uku ma bai kai ga magana ba, Mama Mele ta harare shi, ya haɗiye.

A gaban rumfar askin tumaki akwai ɗan dandamalin siminti, bai isa mota gaba ɗaya ba. Dezza ya sa aka tura motar har tayoyin baya suka hau simintin, na gaba kuwa suka zauna a inda tumaki ɗari huɗu suka kwana huɗu suna tsaye cikin ruwan sama. Ba sai na faɗa muku abin da ke wajen ba. Ya kwara bokitin ruwa a ƙarƙashin tayoyin baya, sannan ya shiga tsara jama'a.

"Manyan baƙi nan gefe, dab da ƙofa, hagu da dama. Nan ne wurin da ba abin da zai taɓa ku. Mama Mele, ga kujerarki a gaba. Noelene, ke koma baya da mesarki, can ne haɗari yake."

Na koma baya da mesata ina ƙunƙuni. Har yau ina gode masa.

Aka shafa wa Dezza man shanu, 'yan'uwan Tevita biyu suka ɗaga shi cak suka zura. Aka miƙa masa sitiyari, aka kifa masa hular kwano. 'Yan Tonga suka ɗauki waƙa a hankali, murya huɗu, har tsigar jikina ta tashi. Kirrily ta riƙe hannun uwarta. Kowa ya ɗaga waya.

Inji ya tashi. Dezza ya taka birki da ƙafar hagu, ya taka totur da dama, yadda ake yi tun kakanni. Mota ta yi tari, ta mutu.

Waƙa ta tsaya. Ya leƙo ya ce, "Ɗumama ta nake yi!" Waƙa ta ci gaba.

Ta sake mutuwa. Wani daga bakin shinge ya ce, "Dezza, a kawo maka ta malamar makaranta?"

Karo na uku ma haka. Na hango wuyansa ya yi ja ta ƙarƙashin hular. A na huɗu ya saki birkin gaba ɗaya, ya danna totur har ƙasa da ƙaton takalminsa na gona. Na zuba wa tayoyin baya ido, mesa a hannu. Ko motsi ba su yi ba. Suna zaune abinsu kamar baƙi a gidan makoki.

Na gaba ne suka haukace.

Jama'a, ban taɓa ganin abu irin wannan ba. Taɓo da kashin tumaki suka tashi sama kamar an buɗe famfo biyu, suka yi hagu da dama, daidai inda aka jera manyan baƙi. Cikin ƙiftawar ido babu sauran farin kaya a wajen. Hular Mama Mele ta tashi, furanninta suka bi iska. Masu waƙa na gaba bakinsu a buɗe yake, Allah sarki. Tevita ya yi tsalle ya kare matarsa da bayansa, ya ɗaga murya karo na farko a rayuwarsa:

"Da gaba take ja, Baba! Da gaba take ja!"

Ina Dezza zai ji! Kuma a daidai nan ne muka san mene ne turbo. Da farko shiru, sai wani siririn fito kamar butar shayi ta tafasa, sai kuma duniya ta tashi. Tayoyin suka haƙa har suka taɓa busasshiyar ƙasa, motar ta yi tsalle ta fita kamar an harba ta.

Teburin abinci ne farkon wanda ta gaisa da shi. Kek ɗin pavlova da Glenys ta yini tana yi, mai hawa uku, ya tashi sama ya juya, ya sauka rabi a kan Kirrily rabi a kan limamin cocinsu. Daga nan ta ɗauki igiyar shanya da duk abin da ke kanta, fiffiken nan na ƙeya ya tafi da dogayen wandunan Dezza na sanyi suna kaɗawa kamar tuta. Kaji suka watse. Ƙyauren gona a rufe yake, ta buɗe shi da kanta. Sai ga ta a kan kwalta.

Daga baya muka ji abin da ya faru a ciki. Fedojin motar matse suke, an yi su ne don siririn takalmin tsere, sai takalmin gonar ya maƙale a kan totur ya ƙi fita. Ya kai hannun hagu zai canza giya yadda ya saba, ya daki ƙofa. Hular kwano ta zamo ta rufe masa ido. Sai ya lalubo wani dogon ƙarfe a damansa, ya cafke shi, ya ja da duk ƙarfinsa don kawai ya samu abin riƙewa. Ashe birkin hannu ne.

Tayoyin baya suka ƙulle. Na gaba na ja da doki ɗari uku da hamsin, na baya na gurzar kwalta suna ihu. Sai hayaƙi!

Waɗanda ke hagu suka yi tsalle. "Namiji! Namiji ne!"

Waɗanda ke dama suka ce, "Ku makafi ne? Mace ce!"

"Shuɗi ne, ga shi nan!"

"Ruwan hoda dai, goge taɓon idonka!"

Ni da ke tsaye a baya, da kayana tsaf ko ɗigo babu, ni na ga duka. Tayar hagu na fitar da shuɗi, ta dama na fitar da ruwan hoda, layi biyu manya suna bin motar. Ta yi juyi sau biyu a tsakiyar titi, launukan suka cakuɗe suka zama wani abu kamar jiƙon zoɓo da aka tsinka, sannan ta gangara ta baya, a hankali, cikin ladabi, ta shige tafkin da tumaki ke shan ruwa. Inji ya yi fish, ya mutu. Wandunan sanyi suka taso suna yawo a kan ruwa.

Sai wani ya ce, "Kai, Dezza! Ko tayar ma sai da ya cakuɗa."

Raina ya ɓaci ba kaɗan ba. Na waiga na hango Spiro, wanda ya rufe shagonsa ya iso a makare, yana jingine da shinge yana murmushin nan nasa. Na nufe shi da mesa. Na ce, "Kai kuma uban me ka kawo wa mutane? Ragowar shago ka tattaro?"

Ya ce, "Noelene, sauke mesar nan. Abin da aka rubuta na kawo."

Ban tsaya sauraronsa ba, don jama'a duk sun yi tafki. 'Yan'uwan Tevita huɗu suka shiga ruwa har ƙugu da tabarminsu, suka zaro Dezza. Wannan karon ba a nemi man shanu ba, taɓo ya wadatar. Suka ajiye shi a bakin ruwa, suka cire masa hular.

Na jira in ji ƙaryar da zai yi. Na ma shirya amsa. Amma bai kalli motar ba, bai kalli jama'a ba. Idonsa na kan Kirrily da ke tahowa a hankali, farin kek a gashinta, taɓo har wuya, Mama Mele na riƙe da gwiwar hannunta, ita ma ba a ganin komai a fuskarta sai idanu. Glenys ta toshe baki da tsumma. Na kalli Dezza, na rantse a lokacin ya tsufa da shekara goma.

Ya ce, "Kirrily. Ban san da gaba take ja ba." Ya nuna Tevita. "Ban sani ba. Yaron nan ya yi ta ƙoƙarin faɗa mini. Ban san komai a kan motar nan ba."

Mesar ta faɗi daga hannuna.

Kirrily ta tsaya a kansa. Ta ce, "Me ka ce?"

"Na ce ban sani ba."

"Ƙara faɗa. Da ƙarfi. Anti Noelene ba ta ji ba."

"Ban sani ba!" Ya share hanci da hannun riga, ya ƙara shafa wa kansa taɓo. "Ko launin ma ban gani ba, hula ta rufe mini ido. Kafin ki tafi, don Allah, ki faɗa mini kawai. Wane launi ya fito?"

Shi kaɗai ne a duk Kurrabinda bai ga hayaƙin ba. Tumaki ma sun gani.

Ta ce, "Baba, taya nawa Spiro ya kawo maka?"

"Biyu."

"To."

Ya yi ta kallonta. Spiro ya kutso ya zaro takardar asibiti daga aljihu, ya ɗaga sama yana kaɗawa. Ashe tun wata uku Kirrily da Tevita suka san biyu ne a cikin, suka ɓoye wa kowa, jinsin ne kawai ba su sani ba. Namiji da mace!

Mama Mele ce ta fara. Ta saki wata guɗa da ta tayar da tsuntsaye daga bishiya, ta rungumi Glenys ta ɗaga ta sama, ta ajiye, ta rungumi limami, ta zo ta kama Dezza ta matse shi a ƙirji har ruwan tafki ya fito masa ta hanci. Waƙa ta ɓarke, wannan karon da rawa, mutum talatin cikin taɓo suna juyi. Ni kaina da ba na kuka a gaban mutane, sai da na juya baya na ce hayaƙi ne ya shigar mini ido.

Kirrily ta zauna a ƙasa kusa da ubanta, tana dariya hawaye na wanke mata kek. Ta ce, "Kunya kam ka ba ni, Baba, har ta fi ta ranar aure. Amma shekara ashirin da tara nake jiran in ji ka faɗi abin nan. Kuma yara biyu sun fi ƙarfin hannu huɗu. A nan zan yi jego."

Ya kama hannunta kawai, ya riƙe.

Minti goma cif ya yi a haka, na duba agogo. Ana cikin raba ragowar rago sai na jiyo muryarsa a bayan rumfa, yana gaya wa 'yan'uwan Tevita cewa in ba ƙwararre ba, ba mai iya fitar da launi biyu a lokaci ɗaya da birkin hannu, kuma da zarar motar ta bushe zai sa a yi mata waldar ƙananan kujeru biyu a baya.

Glenys ta miƙe. Ta tattare siket, ta shiga tafki har gwiwa, ta zura hannu ta taga, ta ciro sitiyarin, ta fito da shi a hammata ta wuce kicin.

Motar tana nan a rumfa, kaji na yin ƙwai a inda babu kujera. Sitiyarin kuwa yanzu 'yan biyu ne ke fitar da haƙora a kansa. Jiya na leƙa ta shinge na ga Dezza a kan tabarma, ɗaya a kowace cinya, yana nuna musu yadda ake shan kwanar Bathurst. Macen ta fizge sitiyarin ta buga masa a hanci.

Na ce, "Dezza, wannan wa ta gado?"

Ya buɗe baki zai ba ni amsa, rana da sa'a. Sai ya hango Kirrily a bakin ƙofa, ta harɗe hannu tana jira.

Ya ce, "Ban sani ba."